Ƙwallon Dabino a Ƙoryata

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, ya same ni ni kaɗai a gida, daga ni sai tukwane da inuwar darbejiya. An ce azumi zagaye yake yi, sai ya shekara talatin da 'yan kai kafin ya komo inda ya baro. To ga shi ya komo. Zafin nan da ƙadangare ke ɗage ƙafa in ya taka katanga, iskar nan da ke busowa daga gonaki kamar an buɗe bakin tanda, duk na san su. Mun taɓa haɗuwa. Wancan karon ina da ƙarfina, ina da 'ya'ya huɗu a gabana, kuma ban daɗe da fita takaba ba.

Sunana Dije. A unguwarmu, nan bayan babban kanal tsakanin Kura da Bunkure, in ka ce Dije mai turara ba ka bukatar ƙarin kwatance. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta a bango wucewa zan yi. Amma jami'a da kanta ta tako har ƙofar gidana, ta ce shinkafata ta fi ta kowa. Na shekara talatin ina faɗin wannan magana a gidan biki da gidan suna, ba wadda ta taɓa ƙaryata ni.

A waccan shekarar damina ta ɗauke da wuri. Dawa ta tsaya kai babu nauyi. Muka ce ba komai, ai mu muna da kanal, noman rani zai rufa asiri. Malam, baban yara, ya shuka alkama da ɗan tumatir. Sai zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin alkama ta fid da kai Allah ya karɓi abinsa. Ina cikin takaba aka rufe ruwa, wai za a yi gyara daga sama. Kanal ɗin da muke jin gudunsa daga ɗaki ya koma busasshen rami, laka ta tsattsage, warin mataccen kifi ya cika gari. Alkama ta yi fari tana tsaye. Fulanin da ke zaune a gefenmu suka roƙi a bar shanu su shiga, muka bar su, don babu abin da lauje zai kama.

Abin da ya rage mini shi ne sana'ata. Ɗan kasuwa ya kawo miki shanshera, wato shinkafa da ɓawonta. Ki wanke, ki kwashe wadda ta taso saman ruwa. Ki jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana. Da safe ki ɗora a wuta ta turaru har bakinta ya tsage, ki juye a tabarma, ki riƙa bi da ƙafa kina motsawa har ta bushe, sannan a kai inji a cashe. Ba aikin mutum ɗaya ba ne. Mu biyar muke yi a lungunmu. Wannan ta ja ruwa, wannan ta iza wuta, a kama kunnen tukunya mutum biyu a sauke. Babbarmu a baki ita ce Tabawa, aminiyata, mace gajera mai wushirya, wadda ba ta taɓa ganin abu ta bar shi ya wuce lafiya ba.

Amma a shekarar shanshera ta yi wuya. Sai a yi mako ba a kawo buhu ba. Itace kuma ya zama na masu miji. Ni da asuba, bayan sahur, nake bin garken Fulani ina tsintar busasshen kashin shanu, da shi nake hura wuta. Sahur ɗin kansa ɗumamen tuwo ne in an samu, in ba a samu ba a sha ruwan tsamiya a yi niyya. Da rana harshe ya manne a dasashi. Kan la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, mu fito muna kallo, iska ta zo ta watsa shi. Da magariba in dama kunu ruwa-ruwa, in kwaɗa tafasa da ɗan ƙuli, in zuba wa yara, ni in lashe ludayi in ce na ƙoshi.

Ana haka yayan Malam, Baffa Audu, ya yi sallama ya tsuguna a bakin ƙofa. Mutumin kirki ne, shi ma rumbunsa ya yi ƙasa.

"Dije, ba korarki muke yi ba," in ji shi. "Amma ina ganin wuyan yaran nan. In Sallah ta zo ba abin da ya sauya, manyan biyu su dawo wurina, macen ta tafi gun goggonta a Dawakin Kudu, ke ki koma gidanku Garun Malam da na goye."

Na ce, "Allah ya kai mu, Yaya."

Da ya fita na shiga ɗaki na dubi tabarmar da suke kwana a kai su huɗu, ƙafar wannan a cikin wancan. Ban yi kuka ba. Ruwan jikina bai kai na kuka ba.

Cikin satin nan mutanen jami'a suka zo da farar mota. Akwai wata Malama Binta, matashiya mai tabarau, da wani dogon mutum da kowa ke kira Injiniya. Shi ya ƙera wata tukunya da rabin duro, ya sa mata faranti mai huji-huji a ciki, ruwa a ƙasa, shanshera a sama, tururi kaɗai ke taɓa ta. Ba ta kamawa a gindi, ba ta cin itace. Yana da wani tsinken gilashi da yake tsomawa ya san zafin ruwa, da wani ɗan akwati da ke gaya masa ko shinkafa ta bushe. Mu da haƙori muke gane wannan. Muka gwada, haƙori da akwati suka yi magana ɗaya, kowa ya ji daɗi.

Ita kuwa Malama tambaya ce aikinta. Me ya sa mace ke tsallake wannan tiya a kasuwa ta sayi waccan? Fari take dubawa, ko tsawon ƙwaya, ko ƙamshi, ko auki?

Tabawa ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni 'yasu! Malama, a ce mutum ya yi karatu har ido ya mutu don ya san dafa shinkafa? Da tun farko kin zo gidana, da na koya miki kyauta, har da ɗan wake."

Malama ta yi dariya har ta cire tabarau. "Ai shi ya kawo ni, Yaya Tabawa. Na yi latti ne kawai."

Sannan ta zo kan ainihin maganar. Tukunya ɗaya ce. Za su ajiye ta a gidan mace ɗaya, su riƙa kawo shanshera ana gwaji har ruwa ya sauka. Mai gidan tana da kaso a kowane buhu, tsakin shinkafar da ya karye a inji kuma duk nata ne. Ba za su zaɓa da kansu ba. Mu biyar kowa za a ba ta shanshera iri ɗaya ta turara a gidanta, ita kaɗai, da wutarta. Malama ta dafa duka da hannunta, ba gishiri ba mai, ta zuba a kwanuka iri ɗaya, matan unguwa su ɗanɗana ba tare da sun san ta wace ce ba. Wadda aka fi so, gidanta za a kai tukunya.

Da hantsi Malama ta so a yi ɗanɗanon. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce, "Malama, kin manta watan da muke ciki?" Kunya ta kama ta, ita ma tana azumin. Aka mayar da shi lokacin shan ruwa. Sai matsala ta biyu: matan ba masu rubutu ba ne. Malama ta ce za ta kawo dabino. Kowace mace ta buɗe baki da ɗaya, ta riƙe ƙwallon, in ta gama ɗanɗanawa ta jefa shi a ƙoryar da ke gaban kwanon da ya fi yi mata.

Na turara tawa da abin da nake da shi. Kashin shanu ba ya ci da harshe, hayaƙi yake yi yana cin ciki, sai na yi ta fifita har idona ya yi ja. Ban ɗanɗana ba. Da rana ina azumi, kuma awo aka ba mu, awo za mu mayar, ban yarda in taɓa ko ƙwaya ba. Na dube ta dai na ga ta ɗan yi ja. Na ce a raina, ja ai nuna ce.

Ranar ɗanɗanon aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan mai unguwa. Mu biyar aka zaunar da mu a bayan zana, don kada wata ta yi wa wata ido. Rana ta sauka ja wur, ƙasa tana mayar da zafin da ta sha. Ladan ya kira salla. Na ji matan suna kurɓar ruwa, na ji ƙarar cokali a kwano. Ba mai magana, abin da ban taɓa gani ba a taron matan unguwarmu. Sai na fara jin ƙwas, ƙwas, ƙwallo yana faɗawa a ƙorya. Da farko ƙarar fayau take, daga baya ta koma ta ƙwallo a kan ƙwallo, duk daga gefe ɗaya.

Tabawa ta zungure ni. "Ke Dije, rufe bakinki, ƙuda zai karya miki azumin gobe."

Da aka ɗage zana, ƙorya ɗaya ta kusa cika, sauran 'yan tsiraru ne a gindi. Malama ta ɗaga kwanon ta duba alamar da ta sa a ƙarƙashi, ta sake dubawa. Ta ɗebi loma ta tauna a hankali. Sannan ta ce, "Ta Dije ce."

Guɗa ta tashi. Ni kuwa na gyara ɗaurin ɗankwali na ce, "Hannu ne. Ko da kara aka ba ni, hannu ne."

Aka kawo tukunya gidana, har da itacen gwaji. Tun daga ranar hayaƙi bai yanke ba. Injiniya yana tsoma tsinkensa, Malama tana tambaya, su Tabawa suna shigowa kama mini kunnen tukunya, ina ɗibar musu tsaki a bakin zane. Yarana suka ci faten tsaki, suka ci tuwonsa, suka ci dambunsa, har na goye ya fara tumbi. Sallah ta zo, Baffa Audu ya shigo gaisuwa, ya dubi yaran, ya ci tuwo, ya yi addu'a ya fita. Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah.

Bayan Sallah ruwa ya sauka. Muna cikin shanya aka fara yayyafi manya-manya, kowane ɗigo yana tayar da ƙura. Muka yi ta gudu da tabarmi muna ihu muna dariya, ƙamshin ƙasa ya cika mana ƙirji. Na tsaya a tsakar gida na bar shi ya dake ni. Ranar ce na yi kukan Malam.

Yaran da na hana a raba, duniya ta raba su a hankali. Babban yana tuƙi a Kano. Macen tana aure a Zariya. Na biyun Allah ya yi masa rasuwa da ƙuruciyarsa. Autan yana can kudu, sai dai murya a waya. Suna aike, ba su rage ni da komai ba. Matan lungu kuwa an ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, wasu gidajen ma an sayar an yi shaguna. Kanal yana gudu, bana har ya yi ambaliya a gonar albasa. Injinan casa sun jeru a bakin titi, suna fitar da shinkafa fara tas, ba tsakuwa. Ni nakan ɗan turara tiya biyu don kada hannu ya manta, a ƙaramar tukunya, don babbar ba mai kama mini kunnenta.

Cikin goman farko na azumin nan wata yarinya ta yi sallama, ɗaliba daga jami'a, sunanta Rukayya. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni.

"Kaka, a makarantarmu an ce da can an yi gwaji a nan, aka gano matan wannan yanki sun fi son shinkafa mai ja, mai ɗan ƙamshin hayaƙi. Malaminmu ya ce abin ya daɗe yana ba shi mamaki. Ni aka turo in ga ko har yanzu haka ne."

Na ce, "'Yar nan, zauna. Wadda aka gano ɗin ce a gabanki."

Na ba ta labarin dabino da ƙorya, ta ce wallahi haka za ta yi, ya fi a sa mata su latsa zaɓinsu a waya, kuma in kawo tawa shinkafar a gwada. Na aika aka sayo mini itacen marke busasshe. Na wanke shanshera har ruwa ya fita garau. Na zauna a bakin wuta cikin wannan rana, gwiwa tana ciwo, ban matsa ba sai da kowace ƙwaya ta buɗe baki. Na rantse, tun da nake ban taɓa yin turara mai kyan wannan ba. A wannan karon na ɗanɗana da sahur, na san abin da na kai.

Aka taru a makarantar firamare da magariba. Matan duk yara ne, 'ya'yan baƙi da matan jikoki, wasu suna magana rabi Hausa rabi Turanci. Suka ci, suka yi surutu, suka jefa ƙwallo. Aka duba. Ta kamfani, farar nan ta injinan bakin titi, ita ta kwashe. Ƙoryata ko ɗaya babu. Wata ma na ji ta tana cewa, "Wannan ta tsakiyar kamar ta gidan tsofaffi."

Rukayya ta biyo ni har bakin hanya. "Kaka, ba wai ba ta da kyau ba ne…"

Na ce, "Ki faɗa musu abin da kika gani. Aikinki ke nan."

Abin ya ƙi barin raina. Cikin mu biyar, ban da ni, Tabawa kaɗai ta rage, tana Bunkure gidan ɗanta, ido ya tafi, ƙafa ta tafi, baki ne dai bai tafi ba. Na dafa sauran shinkafar, na ɗaure kwano a ɗankwali, na hau a-daidaita-sahu bayan la'asar.

Tun daga ƙofa ta ce, "Wa nake ji yana jan ƙafa kamar tsohuwar akuya? Dije, ba ki mutu ba?"

"Ina jira ki riga ni, ki share mini wuri."

Na zauna na zayyana mata komai. Na ce yaran yanzu harshensu ya mutu, ba su san shinkafa ba. Na ce matan da ne masu baki, su da suka cika mini ƙorya.

Tabawa ta fara dariya. Ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, na bubbuga mata baya.

"Wayyo cikina! Dije, ke har yau ba ki sani ba? Shinkafarki ta ranar nan, wallahi kamar a tsakiyar garke aka dafa ta. Matar mai unguwa sai da ta kora da ruwa."

Na ce, "Ƙarya kike, makauniya."

"Ido ne ya tafi, ba hanci ba. Duk unguwa wa ke hura kashin shanu a shekarar in ba ke ba? Malama ta ɓoye suna, ta ɓoye kwano, ta ɓoye mu a bayan zana. Hayaƙi ta manta. Kuma kowa ya ji abin da Audu ya faɗa miki, katangarki ai ba ta da tsawo."

"Ke kika bi gida-gida kika haɗa baki."

"Ni? Ina zaune kusa da ke ina zungurinki. Ba wadda ta ce wa wata komai. Kowa dai ta kai loma, ta ji warin, ta san gidan."

Na tuna shirun da matan suka yi a ranar. Na tuna Malama tana tauna lomar nan a hankali, tana duba gindin kwano sau biyu. Baiwar Allah ta rubuta abin da ta gani tsakani da Allah, har wani malami yana can yana mamaki shekara da shekaru.

"Kuka bar ni ina cika baki a gidan biki?"

"To me za mu yi? Ke da bakin nan naki, in an gaya miki ai sai ki mayar da tukunyar, yara su watse. Daga baya kuma abin ya zame mana nishaɗi."

Ban gode mata ba. Na ce Allah ya isa tsakanina da su duka, na kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, matan da ke kwance a maƙabartar bayan kanal. Tabawa ta lalubo hannuna ta riƙe.

Aka kira salla. Surukarta ta kawo ruwa da dabino. Muka buɗe baki. Na kwance ɗankwali na tura mata kwanon, ba gishiri ba mai. Ta kai loma da dasashinta, ta daɗe tana juyawa. Ta ƙara. Sannan ta laluba gefen tabarma ta ɗauko ƙwallon dabinonta, ta buɗe tafin hannuna ta sa, ta rufe mini yatsu a kai.

"Wannan kam ta yi," in ji ta.

"Ƙarya kike yi."

"To je ki kira jami'a su auna."

Na kwana a can, da safe na dawo. Gidan yana nan yadda na bar shi, darbejiya ta zubar da ganye a kan babbar tukunya. Ƙwallon yana ɗaure a bakin zanena, in na zauna shan ruwa ni kaɗai sai in ji shi yana taɓa mini cinya. Ban san ko gaskiya ta faɗa ba, kuma ba zan koma in tambaya ba. Waɗanda za su gaya mini gaskiya a kan shinkafata sun cika gari. Mai yi mini ƙarya ce saura ɗaya.